Emuleta, ROM da faci: abin da ya kamata mai buga tsohon gem da aka sauya ya bambance

A farkon shekarar 2024 labarai biyu suka fito kusan a jere, kamar ɗaya yana ƙaryata ɗaya. A watan Maris masu manhajar Yuzu, wadda ke buga gem ɗin na'urar Nintendo Switch a kwamfuta da waya, suka amince za su biya kamfanin Nintendo dala miliyan 2.4 kuma su rufe aikinsu. A watan Afrilu sai Apple ya sauya ƙa'idarsa, ya bar manhajojin buga tsofaffin gem su shiga App Store, har wata mai suna Delta ta hau saman jerin waɗanda aka fi saukewa. Tun daga lokacin, a shagunan caji da na tura fina-finai a Gusau da Birnin Kebbi, ana jin magana iri biyu: wasu na cewa an haramta, wasu na cewa an halatta. Masu buga Pokémon ɗin da aka sauya (gem ɗin kama halittu da horar da su don faɗa), irin su Radical Red da Unbound, su ne suka fi shiga ruɗu, domin abin da ke wayarsu ba Yuzu ba ne, ba kuma gem ɗin da Nintendo ya fitar ba ne.

## Abubuwa uku da ake kira da suna ɗaya

Idan yaro ya ce "a tura min Pokémon", abubuwa uku yake nema bai sani ba.

Na farko emuleta, wato manhajar da ke sa waya ko kwamfuta ta kwaikwayi wata tsohuwar na'ura. Game Boy Advance, na'urar wasa ta hannu da Nintendo ya fitar a 2001, allonta ɗigo 240 ne a kwance da 160 a tsaye, ƙwaƙwalwarta kuma tana gudu a kusan megahaz 16.8. Shi ya sa ƙaramar wayar Android mai RAM giga ɗaya ko biyu take ɗaukarta ba tare da nishi ba. A Android an fi sanin My Boy!, Pizza Boy, Lemuroid da RetroArch, a kwamfuta kuma mGBA. Emuleta ba ta zuwa da gem ko ɗaya a cikinta.

Na biyu ROM, kwafin duk abin da ke cikin kaset ɗin gem na asali da aka mayar fayil. Na Pokémon FireRed, wanda ya fito a 2004, megabayit 16 ne cif.

Na uku faci. Wannan ɗan fayil ne da ba ya ɗauke da gem ɗin, sai jerin umarni kawai: a wuri kaza na ROM a goge wannan a rubuta wancan. Idan aka liƙa facin a kan ROM, sai sabon fayil ya fito, shi ne gem ɗin da aka sauya. Sauyin na iya zama fassara daga Japananci, ko gyaran kurakuran da kamfani ya bari, ko ƙara wahala, ko sabon labari da sabuwar taswira gaba ɗaya.

Hukuncin kowanne daban ne, matsalar da kowanne ke kawowa a waya ma daban ce.

## Yadda aikin ya faro

Gem ɗin da ake magana a kansu su ne waɗanda mai wasa yake ɗaukar matsayin jarumi, yana yawo gari zuwa gari, yana tara ƙarfi mataki-mataki, yana faɗa bi da bi. Yawancinsu daga Japan suke, kuma a shekarun 1990 da yawa ba a fassara su ba. Final Fantasy V ya fito a Japan a 1992, sai a 1998 wata ƙungiyar masoya mai suna RPGe ta kammala fassararsa zuwa Turanci, kafin kamfanin ya fitar da tasa. Mother 3 na 2006 ma masoyansa ne suka fassara shi a 2008.

Daga fassara aka shiga gyara. A Final Fantasy VI na 1994 akwai lambar da ke nuna iya kauce wa sara, amma saboda kuskuren lissafi ba ta aiki ko kaɗan. Wata lamba daban, ta kare sihiri, ita ce ke yin aikin biyun. Faci irin Brave New World ya gyara wannan, sannan ya sake tsara ƙarfin jarumai da abokan gaba daga tushe.

Babban sauyin ya zo ne a ɓangaren Pokémon. Da can mai gyara yana lalube ne cikin lambobi. Daga baya masu ilimin manhaja suka warware FireRed da ɗan'uwansa Pokémon Emerald suka mayar da su rubutun da mutum zai iya karantawa, aka kuma samar da injin CFRU, tarin sababbin ƙa'idojin wasa da ake ɗora wa FireRed, wanda Unbound da Radical Red suka dogara a kai. Da wannan ne gem ɗin 2004, wanda asalinsa halittu 386 ya sani, yake ɗauke da waɗanda aka ƙirƙira shekaru goma sha biyar bayansa, girman fayil ɗin kuma ya kai megabayit 32, iyakar abin da kaset ɗin na'urar yake iya ɗauka.

## Me aka kai ƙara a kai

Yuzu emuleta ce ta Switch, na'urar da take kasuwa ana sayar da ita a lokacin. Gem ɗin Switch a kulle suke da makullin sirri, kuma hujjar Nintendo ita ce Yuzu ba ta aiki sai ta buɗe wannan kulle. Kamfanin ya kuma ce an sauke wani sabon gem ɗinsa na Zelda fiye da sau miliyan ɗaya tun kafin ranar fitowarsa. Sulhu aka yi, alƙali bai yanke cewa emuleta haramun ce ba. Hukuncin da ake yawan kafa hujja da shi a Amurka shi ne na Sony da Connectix a 2000, inda kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan masu emuletar PlayStation. Kaset ɗin Game Boy Advance ba shi da irin wancan kulle, don haka hujjar da ta kayar da Yuzu ba ta zauna daidai a kan emuletarsa ba. Abin da Apple ya buɗe wa ƙofa ke nan: manhajar kwaikwayo, ba gem ɗin ba.

ROM ne inda hukunci ya fi fitowa fili. A 2018 masu shafukan LoveROMs da LoveRETRO suka amince da hukuncin biyan sama da dala miliyan 12, a shekarar kuma EmuParadise ya cire fayilolinsa. A 2021 kotu ta ɗora wa mai RomUniverse sama da dala miliyan 2. Duk waɗannan masu rarrabawa ne, ba masu bugawa a ɗakinsu ba.

Faci kuwa a tsakiya yake. Masu yinsa suna cewa aikin hannunsu kaɗai suke rabawa, babu bayit ɗin kamfani a ciki. Kamfanoni suna cewa sunan nasu ne, halittun nasu ne, kuma sauya aiki haƙƙin mai shi ne. A aikace wasiƙar lauya ce take kashe magana kafin a je kotu. Haka Square Enix ya tsayar da Crimson Echoes, facin Chrono Trigger, a 2009. Haka Nintendo ya tsayar da Pokémon Prism a Disambar 2016, saura kwanaki a sake shi bayan aikin kusan shekara takwas. Ba duk kamfanoni ke da wannan hali ba: Sega ya ɗauki wasu masoyan da suka fara da gyaran Sonic, suka yi masa Sonic Mania a 2017.

Akwai murya ta uku, ta masu adana tarihi. Binciken da gidauniyar tarihin gem ta Amurka ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na tsofaffin gem da aka sayar a ƙasar ba sa kasuwa a lokacin. Hujjarsu ita ce abin da ba a sayarwa zai ɓace in ba a kwafe shi ba. Hujja ce mai ƙarfi a fagen muhawara, sai dai rashin sayar da abu ba ya cire shi daga kariyar doka.

A Najeriya dokar da ke aiki ita ce ta haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023. Tana ɗaukar manhajar kwamfuta a matsayin aikin da ake karewa, ta bar wa mai haƙƙi ikon kwafi da rarrabawa da sauyawa, ta hana karya kullen fasaha, ta kuma tanadi hanyar neman a sauke abu daga intanet. Tana da sassauci ga wasu nau'o'in amfani na kashin kai. Wanda ya fi fita daga inuwar wannan sassauci shi ne mai karɓar kuɗi ya tura wa jama'a.

## Liƙa faci, da inda yake ɓaci

Mafi yawan ƙorafin "gem ɗin ya ƙi tashi" daga nan yake. Faci kamar takardar gyaran littafi ce da ta ce "shafi na 40, layi na 3, a canza kalma ta biyu". In bugun littafin da ke hannunka daban ne, gyaran zai faɗa kan wata kalma, ya ɓata abin da yake daidai.

FireRed na Amurka bugu biyu ne, 1.0 da 1.1. Kusan duk manyan facin a kan 1.0 aka gina su. Sunan fayil ba shaida ba ne, kowa na iya canza shi. Shaidar ita ce lambar tantancewa ta CRC32: ta FireRed 1.0 ita ce DD88761C, girmansa kuma bayit 16,777,216. Shafin Rom Patcher JS yana nuna wannan lamba da zarar an ɗora masa fayil, kuma a cikin burauzar waya yake aikin. A Android akwai UniPatcher. Kafin komai a fitar da ROM daga cikin zip, a ajiye kwafinsa mai tsabta a wata folda, a sa wa sabon fayil suna daban. Ba a liƙa faci a kan ROM da aka riga aka liƙa wa wani.

Nau'in facin ma yana da tasiri. IPS shi ne mafi tsufa. Ba ya duba ko ROM ɗin daidai ne, zai liƙu a kan komai ya ce an gama, kuma ba ya wuce megabayit 16. UPS da BPS suna duba lambar tantancewa, in ba ta dace ba su ƙi. Manhajoji suna ba da zaɓin a yi watsi da wannan gargaɗi, kuma masu gaggawa sukan danna shi. Sakamakon wani lokaci farin allo ne nan take, wanda shi ne mai sauƙi. Mai ciwon shi ne gem ya tashi lafiya, a yi awa goma ana bugawa, sai a shiga wani gida ya daskare, ko rubutu ya koma tarkace.

Masu gem ɗin Super Nintendo, wata tsohuwar na'urar Nintendo, suna da ƙarin tarko. Wasu ROM suna ɗauke da bayit 512 a goshinsu, saura daga na'urorin kwafi na da. Facin da aka yi wa mai goshi in aka sa wa marar goshi, kowane gyara zai zame da bayit 512. Takardar bayanin da ke zuwa tare da facin takan faɗi wanne ake so, kuma ita ce fayil ɗin da aka fi tsallakewa.

## Ajiya iri biyu ce

Akwai ajiyar cikin gem, wadda ake yi daga jerin zaɓin wasan, tana fita a fayil mai ƙarewa da .sav, ko .srm a RetroArch. Akwai kuma ajiyar emuleta, wadda ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar na'ura a daidai wannan daƙiƙa. Ta biyun ta fi sauri, shi ya sa da yawa suke dogara da ita kaɗai. Amma a ɗaure take da emuletar da ta yi ta da kuma ainihin bugun ROM ɗin. Ranar da aka sabunta faci ko aka koma wata manhaja, sau da yawa ba ta buɗuwa, ko ta buɗu da ɓarna a ciki. Ta cikin gem ita ce take ƙaura daga waya zuwa waya, muddin sunanta ya zama iri ɗaya da na ROM.

FireRed da Emerald suna buƙatar ajiya nau'in Flash mai kilobayit 128. mGBA yakan gane da kansa, tsofaffin emuleta kuwa sukan tsaya a 64. A FireRed alamar ita ce saƙon da ke cewa ba a sa allon 1M ba. Wanda ya yi biris ya ci gaba da ajiyar emuleta zai gamu da ita a ƙarshe, domin bayan an ci zakarun gasa gem ɗin da kansa yake ajiya ya koma farko, sai a tarar babu inda za a ci gaba. Gwajin minti biyu ne: a fara wasa, a ajiye daga ciki, a rufe manhajar gaba ɗaya, a sake buɗewa a ga ko zaɓin ci gaba ya fito. Fayil ɗin ya nuna bayit 131,072 ko sama da haka kaɗan.

Sai agogo. Facin da ke da dare da rana yana buƙatar a kunna agogon ainihi a saitin emuleta, in ba haka ba wasu halittun ba za su taɓa fitowa ba. A Emerald alamar ita ce saƙon batirin ciki ya ƙare.

Inda ajiyar take zama ma abin lura ne. Tun daga Android 11 an taƙaita shiga foldar Android/data, kuma goge manhaja yana tafiya da abin da ta ajiye a can. A nan yankin, inda waya take yawan zuwa wurin mai gyara a yi mata filashin, ko a sayar da ita a kasuwar waya a ƙaro kuɗi a sayi wata, abin da ya fi shi ne a nuna wa emuleta wata folda ta daban, a riƙa tura .sav zuwa katin memori ko imel. Bai kai nauyin hoto ɗaya ba.

## A cikin wasan kansa

Wanda ya haddace FireRed na asali yakan sha mamaki a gidan gasa na farko, cikin gidajen da mai wasa yake bi yana cin shugabanninsu. A asali shugaban gidan, Brock, halittu biyu gare shi, Geodude a mataki na 12 da Onix a na 14, kuma duk mai riƙe da na ruwa ko na ciyawa zai wuce shi a tsaye. A facin wahala an ƙara masa runduna, an ba su dabarun da ke maganin ruwa da ciyawan, an kuma koya wa kwamfuta ta janye halittarta in ta ga za ta sha kashi. Tsohuwar dabarar yini a cikin ciyawa ana tara mataki ba ta aiki, domin yawancinsu sun sa iyakar matakin da ba a wucewa sai an ci shugaban da ke gaba.

Ƙa'idojin faɗa ma sun canza. A gem ɗin 2004 nau'in dabara ne yake yanke ko ta ƙarfin jiki ce ko ta musamman: duk na ruwa da wuta na musamman ne, duk na fatalwa na jiki. Shi ya sa Gyarados, halittar ruwa mai ƙarfin jiki, bai ci moriyar dabarun ruwa ba. Daga gem ɗin Pokémon na 2006 aka raba dabarun ɗaya bayan ɗaya, kuma facin zamani sun bi sabon tsarin, har dabarar ruwa ta Waterfall ta zama makamin Gyarados. An kuma shigo da nau'in Fairy na 2013, wanda dabarun dodo ba sa taɓa shi, guba da ƙarfe ne ke cin sa.

Sai lambobin da asalin gem yake ɓoyewa. Kowace halitta tana da ƙimar haihuwa daga 0 zuwa 31 a kowane fanni, da makin horo da jimillarsu ba ta wuce 510, da ɗabi'a ɗaya cikin 25, mafi yawansu suna ƙara kashi goma a wani fanni su rage goma a wani. A asali ana gama gem ba a san da su ba. A facin wahala su ne bambancin wanda zai fara duka da wanda za a fara duka. Manyan facin suna zuwa da jadawalin rundunar kowane shugaba, kuma an tsara su ne da zaton mai wasa zai duba. Radical Red yana tambayar matakin wahala tun farko. Wanda bai saba ba, mai sauƙin ya ishe shi koyon sababbin ƙa'idoji.

Lambobin maguɗi na GameShark da ke yawo a intanet an rubuta su ne don asalin gem, suna rubutu a wurare sanannu na ƙwaƙwalwa. Faci ya riga ya matsar da waɗannan wurare. Kowace halitta kuma tana da lambar tantancewa tata, in ta saɓa sai gem ya mayar da ita ruɓaɓɓen ƙwai wanda ba ya ƙyanƙyashewa, wani lokaci ya ɓata akwatin ajiya. Haka nan a duba ko facin kammalalle ne, domin da yawa gwaji ne da ke tsayawa a gida na uku ko na huɗu.

## Shagon turi, da tambayar iyaye

Dalilin farin jinin waɗannan gem a Zamfara da Kebbi a fili yake. Ba sa buƙatar intanet bayan an sauke su, ba sa cin caji kamar manyan gem na zamani, kuma fayil ɗinsu bai kai ɗan gajeren bidiyo ba. Mutanen Zamfara sun ga amfanin abin da ke aiki ba sabis lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Satumbar 2021, sannan ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 da hukumar NCC ta amince da shi a Janairun 2025 ya ƙara wa ƙaramin fayil daraja.

Sai dai abin da ke yawo ta Xender da shagunan turi yawanci gem ne da aka riga aka liƙa wa faci, ba a san bugunsa ba, ba takardar bayani. Ta fuskar doka wannan ROM ne cikakke. Ta fuskar amfani kuma, in ya lalace masu facin ba sa karɓar ƙorafi a kansa. Mafi haɗari shi ne wanda ya zo a siffar .apk. Gem ɗin Game Boy Advance yana ƙarewa ne da .gba, na Super Nintendo da .sfc ko .smc, kuma ba a girka su, buɗe su ake yi daga cikin emuleta. Emuleta izinin fayil take buƙata. Duk wadda ta nemi karanta saƙonnin tes ko ikon sarrafa allo, a wayar da ke ɗauke da manhajar banki ko ta POS, tana neman hanyar ganin lambar sirrin da banki ke turowa ne.

Ga iyaye, maganar ta wuce doka. A 2001 Saudiyya ta hana Pokémon, malamanta suna kafa hujja da kamannin caca a wasan katinsa da kuma batun rikiɗar halittu. Masu ganin babu laifi suna cewa wasan lissafi ne da karatu, yaro ma yana tsintar Turanci a ciki. A FireRed na asali akwai gidan injinan caca a birnin Celadon, da kuɗin wasa ake bugawa, kuma yawancin facin sun bar shi. Abin da ɓangarorin biyu za su iya dubawa da idonsu shi ne rubutun cikin gem: kaset na asali ya bi ta hannun hukumar tantance shekaru, faci kuwa bai bi ta hannun kowa ba. Wasu tsaf suke, wasu an cika su da ashar da barkwancin manya, alhali hoton farko iri ɗaya ne. Shafin da mai facin ya wallafa shi yakan faɗi hakan, kuma zama da yaro na rabin awar farko ana karanta abin da mutanen gem ɗin ke cewa yana nuna irin harshen da aka zuba a ciki.